Gwaggo Ta Rasu Ba Ƙugiya

Da zuciya mai cike da bakin ciki

nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da tsofaffin masu kawo mana aiki, da duk wanda ya taɓa toshe kunne in zai wuce ta ƙofar shagonmu, rasuwar na'urar buga takardu ta gidanmu, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta rasu da hantsi, a tsaye, a inda ta saba tsayuwa, bayan doguwar jinya. Ni kaɗai ne a kanta lokacin da ta cika.

Kafin masu gyara su ɗaga hannu, na gani. Layin farko na wannan sanarwa cewa ya yi "bakin ciki", ba "baƙin ciki" ba, sai ka ce ciki ne ya yi baki. Ba kuskurena ba ne. Wannan layi marigayiya ce ta buga shi da kanta, shi ne aikinta na ƙarshe, kuma haka take magana tun da na san ta. Sauran kuwa rubutun hannuna ne, da alƙalami da tawada, domin wadda ta ƙare rayuwarta tana sanar da rasuwar mutanen unguwa yau ba ta da mai buga tata. Bayanin ƙugiyar yana tafe. A yi mini haƙuri, hannu ba ya sauri.

Ba mu san shekarar haihuwarta ba, da tsufanta ta zo mana. Ƙanena Auta, Allah ya jiƙansa, shi ya kwaso ta daga wata maɗaba'a da ta rufe, ya kawo ta a bayan babbar mota, an ɗaure ta da igiyoyi. Ƙofar shago ta ƙi ta, sai da aka fasa bango aka shigar da ita, sannan aka sake ginawa. Ni a lokacin na riga na yi suna a rubutun hannu. Ni ke rubuta takardun shaida, da allunan shaguna, da salsalar gidaje ga masu son su san kakan kakansu. Teburina yana bakin taga, inda haske ya fi kyau. Ranar da ta shigo aka mayar da ni lungu, wai ita ma tana bukatar haske. Ban yi mata maraba ba, kuma ban ɓoye ba.

Sunan kuwa 'yar Auta ce ta raɗa mata, wadda muke kira Ɗigo saboda ƙanƙantarta ranar da aka haife ta. Wata rana tana ƙarama ta tambayi ubanta su wa ke da shagon. Ya ce, "Mu uku ne, ni da Yaya da ita." Yarinya ta dubi ƙarfen nan sama da ƙasa, ta ce, "To, ai gwaggota ce ke nan." Shi ke nan suna ya bi ta har kabari.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da juriya. Ba ta taɓa jiran wutar lantarki ba, ƙafar mutum kawai take bukata a kan feda, da ɗan baƙin mai a gaɓoɓinta. Ba ta san mai kuɗi ba, ba ta san talaka ba. Da safe ta buga katin aure, da rana ta buga sanarwar rasuwa, da yamma ta buga takardar maganin basir, duk da murya ɗaya, ba ta canja fuska. Ba ta riƙe sirri, wannan gaskiya ne, abin da aka faɗa mata sau ɗaya sai ta faɗa sau ɗari. Amma ba ta ƙari, ba ta ragi. Abin da Auta ya jera mata da haruffan dalma, shi za ta maimaita har takarda ta ƙare.

Muryarta kuwa, duk wanda ya zauna a layinmu ya san ta. Ƙwal-tas, ƙwal-tas, ƙwal-tas, tun daga buɗe shago har rufewa. Auta ya ce cewa take yi "kawo, ɗauke, kawo, ɗauke". Ni na ce a'a, "gaggawa, gaggawa" take cewa. In ta kama aiki, tawadar da ke cikin kwalbata rawa take yi, dole na koyi jan layi a tsakanin bugu da bugu. Na sha yi mata Allah ya isa a zuci.

Tun da ba a ɓoye wa masu ta'aziyya gaskiya, marigayiya tana da nakasa guda. An ƙera haruffanta a wata ƙasa da bakin mutanenta ba ya furta ɓa da ɗa da ƙa. A cikin akwatin haruffa kaf, babu ko ɗaya mai ƙugiya. Auta ya ce ba komai, mai karatu ai yana da hankali. Ana nan sai aka kawo katin wani babban aure. Gwaggo ta buga, da manyan haruffa, cewa iyalan ango suna maraba da "manyan baki". Kashegari sai ga uban ango ya zo yana huci, da kati a hannu.

"Su wa kuke zagi?" in ji shi. "Surukan nawa ne masu manyan baki?"

Auta ya juyo ya dube ni a lunguna. Ya ce, "Yaya, don Allah."

Na bar shi ya ɗan sha zufa tukuna, sannan na ɗauki alƙalami. Kati bayan kati na bi, ina ɗora wa kowane harafin "ka" ƙugiyarsa, har bakunan nan suka koma baƙi. Daga ranar aiki ya rabu. Ita ta buga, Auta ya shanya takardu a kan igiya su bushe, ni in bi su da alƙalami ina sa ƙugiya. Babu takardar da ta taɓa fita daga shagon nan ba ta bi ta hannun mu uku ba, sai sau ɗaya, kuma zan zo kansa.

Kada wani ya ɗauka wannan ya kashe gardama. Mun yi ta har furfura ta cim mana. Ni ina cewa rubutun hannu yana da numfashi. Ka dubi shafi ka san ko marubucin ya ƙoshi, ko yana fushi, ko yana son wanda yake rubuta wa. Harafin Gwaggo kuwa na jiya da na yau duk ɗaya, ba ya gaishe ka, ba ya san ka. Auta sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, naka kyakkyawa ne, amma guda ɗaya ne, yana kulle a akwatin mai shi. Nawa mummuna ne, amma yana hannun kowa." In ce masa, "Ƙwarai, na gan shi a hannun mai sayar da ƙusa, yana naɗe ƙusa da shi." Ya ce, "To, ai wanda ya sayi ƙusar zai karanta." Haka muke yi kullum, muna shan shayi a kofi ɗaya, ba wanda ya taɓa sallamawa.

Abin da ya fi zafi a gardamar nan shi ne waƙoƙin Innarmu. Mahaifiyarmu tana da waƙoƙin reno da ta gada daga tata uwar, ba a rubuce suke ba. Da ta tsufa, na zauna a gabanta na kwashe su duka, na rubuta su a takarda mafi kyau da na taɓa saya, da tawada kala uku, na yi wa kowane shafi ado a gefe. Na ɗauki kusan shekara. Ban taɓa yin aiki kamarsa ba, ba kuma zan sake ba. Na naɗe shi a ƙyalle na sa a akwati, na ce na Ɗigo ne in ta girma. Auta ya ara, wai zai duba. Ashe jera shi ya yi a ɓoye, ya buga ɗan ƙaramin littafi a takarda mai araha, ya raba wa makarantu da masu sayar da littattafai a bakin titi. Don kada in hana, bai kawo mini in sa ƙugiya ba. Mun yi wata guda ba ma shan shayi tare.

Nawa littafin, gara ta cinye shi. Wata damina rufin ɗaki ya yi yoyo, akwatin ya jiƙe ta ƙasa ban sani ba, ranar da na buɗe sai gari na tarar da guntun ado. Na yi kuka kamar yaro, Auta kuma bai yi mini gori ba, abin da har yau nake gode masa.

Shekaru bayan haka wata mata ta shigo shago karɓar aiki, da jariri a kafaɗa yana rigima. Tana jira tana jijjiga shi, sai na ji tana rera waƙar Innarmu. Ba mu san ta ba, ba 'yar unguwa ba ce. Inna cewa take yi, "Yi barci ɗana, ƙura ta kwanta, matafiya sun iso gida." Matar nan kuwa cewa take yi, "Yi barci ɗana, kura ta kwanta." Na ce mata, "Baiwar Allah, ƙura ce, ta hanya, ba kura ta daji ba." Ta ce, "A'a Baba, kura ce. Haka yake a littafi, haka kuma uwata ta yi mini." Jariri dai ya yi barci. Da ta fita na ce wa Auta, "Ka gani? Ka saka wa Inna kura a waƙa." Ya ce, "Na gani, Yaya. Amma ka ji ana rera ta." Har yau ban san wanda ya ci wannan gardama ba, kuma wanda zan tambaya ba ya nan.

Yanzu ga bayanin ƙugiyar da na yi alkawari. Sanarwar rasuwa ita ce aikin da ba ya yankewa, don haka layin nan na farko kullum a jere yake, Auta ya ɗaure haruffansa da zare ya ajiye a kan kantar shago. Wata rana wani tela da matarsa ta rasu ya zo karɓar sanarwarta. Takardun ba su gama bushewa ba, ban kai ga sa ƙugiya ba. Ya duba ya ga "bakin ciki", ya ce a ba shi alƙalami ya gyara da kansa, matarsa ce. Na ba shi. Mutumin da yake zura zare a allura ba tare da ya duba ba, ya kasa ja ɗan lanƙwasan nan. Tawada ta ɗiga, takarda ta ɓaci. Auta ya zare alƙalamin daga hannunsa a hankali, ya jawo masa kujera.

Ya ce, "Zauna, maigida. Mai baƙin ciki ba ya sa wa kansa ƙugiya. Wani ke sa masa."

Wannan magana ta zama dokar shago. Mutum ya kawo rasuwarsa, Gwaggo ta yaɗa ta, ni in sa ƙugiya, shi kuma ya zauna a kujera a ba shi ruwa. Na sa wa unguwar nan ƙugiyar baƙin cikinta gida gida, ban tsallake kowa ba.

Ranar da Auta ya rasu, ni na hau feda, karo na farko a rayuwata. Ban iya ba, Gwaggo tana fizgar ƙafata, amma ta yi mini haƙuri muka buga. Da takardu suka bushe na ɗauki alƙalami bisa sabo. Ɗigo, wadda a lokacin ta zama cikakkiyar mace har da nata 'ya'yan, ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Baffa, doka." Na ce, "Ke ma ai ubanki ne." Ta ce, "To, ni in sa maka, kai ka sa mini." Muka raba takardun biyu. Muka zauna a teburin nan har muka gama.

Bayan haka ta koma garin da take aure, mai nisa. Tana aiki a wata babbar maɗaba'a inda kwamfuta ke fitar da ƙugiya da kanta, ba a roƙon kowa. Shago ya rage daga ni sai Gwaggo. Masu kawo aiki suka yi ta raguwa, ba na kuma ganin laifinsu, abin da muke yi a yini yanzu ana yin sa kafin shayi ya huce. Sai na sami kaina, ni da na yi rabin rayuwata ina tsine wa ƙararta, ina hawa feda da safe ba takarda ba tawada, don kawai in ji motsi a ɗakin. Shirun shagon nan ya fi ƙarfina. Kuma ko kunnena ne ya tsufa, ban sani ba, amma ta daina cewa "gaggawa, gaggawa". Abin da nake ji shi ne "ina yake, ina yake".

Ciwon ajalinta ya fara da tari. Ƙwal ɗin yana fita, tas ɗin yana maƙalewa. Sai haƙoran babbar ƙafarta mai juyawa suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, ina tsintar su a ƙasa ina tarawa a gwangwani. Daga nan sandar ƙarfen da ke riƙe da ita ta tsakiya, wadda Auta ke kira ƙashin bayanta, ta tsage. Na kira mai walda ya ɗinke, ta sake tsagewa, ya sake ɗinkewa. Zuwansa na ƙarshe ya duba, ya goge hannu a wando, ya ce, "Baba, ƙarfen zubi ne, ba ya riƙe walda. In ka sake taka ta, sau ɗaya ne ko biyu. Ka yi haƙuri." Bai karɓi komai ba, abin da ya tabbatar mini cewa magana ta ƙare.

Na bar ta ta huta kwana da kwanaki, ina goge ta, ina sa mata mai. Sannan na ce a raina, wadda ta sanar da tafiyar kowa ba za ta tafi a ɓoye ba. Na sauko da layin nan daga kan kantar shago, har yanzu da zaren da Auta ya ɗaure. Na ɗaura shi, na shafa tawada, na sa takarda ɗaya, wannan da kuke karantawa. Na ce, "Gwaggo, sau ɗaya kawai." Na taka. Ta ce ƙwal. Na jira tas, bai zo ba. Sai wata ƙara ƙarama daga ciki, feda ta saki ƙarƙashin ƙafata. Na buɗe ta da hannu na zaro takardar, layin ya fito tsaf, ko harafi ɗaya bai ɓace ba.

Marigayiya ta rasu ta bar akwatunan haruffa, manya da ƙanana, waɗanda yanzu marayu ne, babu mai jera su. Ta bar rola biyu da suka taurare, da gwangwanin haƙoranta, da igiyar shanya, da rami huɗu a daɓen siminti inda ƙafafunta suka nutse. Ta bar jikoki da ba su ƙirguwa a gidajen mutane, a ƙarƙashin katifa da cikin tsofaffin jakunkuna, duk wanda ya duba katin aurensa zai gan ta. Ta bar kura guda a cikin waƙar reno. Ta bar 'yar ɗan'uwanta, Ɗigo. Ta kuma bar abokin gabarta, ni, wanda bai taɓa faɗa mata magana mai daɗi ba sai da ya rage ba shi da kowa sai ita.

Na sanar da Ɗigo ta waya. Ta ce, "Baffa, ƙarfe ne fa. Ka bar 'yan gwangwan su ɗauka, ka rufe shagon nan ka taho wurinmu. Ɗaki yana nan, yara suna tambayarka." Na ce na ji. Na ce za ki zo? Ta ce, "Zan duba ko za su ba ni hutu a wurin aiki." Ban gaya mata zancen layin farko ba, don abin ba ya faɗuwa a waya.

Sanarwar nan kwafi ɗaya ce tak, irin aikina, zan manna ta a ƙofar shago. Maƙwabcina mai gyaran waya ya ce, "Baba, kawo in ɗauke ta a hoto, yanzu duniya ta gani." Auta da yana nan da ya yi tsalle. Na ce masa duniya ba ta san Gwaggo ba, ya tura wa mutum ɗaya, na ba shi lambar Ɗigo. Na roƙe shi ya ɗauka da kyau yadda layin farko zai fito.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da safe, a nan shago. Na tambayi limamin unguwa ko ana yi wa ƙarfe addu'a, ya ce in riƙa samun hutu, don haka ba za a yi salla ba. Zan yi mata wanka da kananzir da tsumma. Tun da ƙofa ba za ta fitar da ita ba, mai ginin shagon kuma ya ce ba a sake fasa masa bango, 'yan gwangwan za su kwance ta gaɓa gaɓa, su fitar da ita a kura, wadda ake turawa, ba ta daji ba. Masu raunin zuciya kada su zo da wuri. Ba a bukatar gudummawa. Wanda yake da wata takarda da ta buga, ya zo da ita mu gani, ya koma da abarsa.

Abu ɗaya ya rage kafin a ɗaga ta. Layin farko yana nan yadda ta bar shi. Hannuna lafiya lau yake, kun ga shaida, na sa kowace ƙugiya a wannan dogon rubutu ban tsallake ko ɗaya ba. Waccan ce kawai ba tawa ba ce in sa. In an sa ta, zan kulle shago in bi wadda ta sa, ba gardama. In kuma har 'yan gwangwan sun gama lodi ba a sa ba, zan ɓamɓare takardar in ɗora a kan kurar su tafi tare, ni kuma in koma lunguna.

Za a buɗe ƙofa tun da sassafe. Alƙalami yana kan tebur, na fiƙe shi. Kujerar Auta ma na goge ta.